Yadda sabon shiga zai zaɓi kayan haɗa kwamfutar wasanni

Matasa da dama da suka saba buga wasannin bidiyo a waya ko a shagunan gem sukan kai matakin da suke son mallakar kwamfutar kansu. Wasu sukan sayi wadda aka riga aka haɗa, wasu kuma sukan sayi kayan ɗaya bayan ɗaya su harhaɗa. Hanya ta biyu ta fi ba mutum iko a kan kuɗinsa, amma ita ce ta fi jefa sabon shiga cikin asara, domin ba kowane kaya ne ke shiga da ɗan'uwansa ba. Ganin cewa daga waje ake shigo da su, farashinsu kuma yana bin dala, kuskure guda na iya cinye tanadin watanni.

Abin da ke kare mutum daga wannan shi ne bin tsari wajen zaɓe, ta yadda kowane kaya zai nuna irin wanda ya dace ya biyo bayansa.

A fara da wasa da monita

Kafin a taka zuwa Computer Village a Ikeja, ko Banex a Abuja, ko titin Beirut a Kano, ya kamata mutum ya rubuta wasannin da yake son bugawa. Kowane kamfanin wasa yana wallafa jerin abubuwan da wasansa ke buƙata, mafi ƙaranci da kuma wanda ya fi dacewa. Wasa irin Valorant ba ya da nauyi, amma Cyberpunk 2077 yana buƙatar na'ura mai ƙarfi.

Daga nan sai monita. Mai nuna hoto a ma'aunin 1920 sau 1080, wanda ake kira 1080p, shi ne ya fi dacewa da mai farawa. Monitar 4K tana da ɗigon hoto ninki huɗu na wannan, wato aikin da za ta ɗora wa kwamfuta ya ninka sosai, kuɗin ma haka.

Katin hoto, inda kaso mafi tsoka ke tafiya

Katin hoto shi ne ke zana duk abin da ido ke gani a wasa, shi ya sa ya kamata ya ɗauki kaso mafi girma na kasafin. Kamfanoni uku ne ke ƙera ƙwaƙwalwar waɗannan katunan: Nvidia mai GeForce, AMD mai Radeon, sai Intel mai Arc. Ga mai monitar 1080p, katuna irin su Radeon RX 6600 da GeForce RTX 3060, waɗanda suka fito a 2021, ko RTX 4060 na 2023, sun wadatar ga akasarin wasanni. A kula da ma'ajiyar da ke jikin katin: gigabait 8 shi ne mafi ƙarancin da ya kamata a nema a yau.

Masu neman na hannu su yi hattara. Kafin watan Satumban 2022, lokacin da Ethereum ta daina amfani da tsarin haƙar kirifto, an yi ta aiki da irin waɗannan katunan dare da rana, daga baya aka zubo da yawa daga cikinsu kasuwa. Kada a biya kuɗi sai an kunna kati an buga wasa da shi na ɗan lokaci, an saurari fankokinsa, an kuma duba zafinsa.

Furosesa da uwar allo tare ake sayensu

Furosesa ita ce ke lissafi da tafiyar da umarni. Mai sassan aiki shida, kamar Ryzen 5 5600 ta AMD ko Core i5-12400F ta Intel, ta isa ta tafi kafaɗa da kafaɗa da katunan da aka ambata. Sayen furosesa mafi tsada a haɗa ta da raunannen kati ɓarnar kuɗi ce, domin wasan ba zai wuce iyakar ƙarfin katin ba.

Kowace furosesa tana da mazauninta a jikin uwar allo, wato babban farantin da dukkan kaya ke haɗuwa a kansa. Ryzen 5 5600 tana zama a mazaunin AM4, sababbin Ryzen na jerin 7000 zuwa sama kuma AM5 suke buƙata, wanda ya fito a 2022. Furosesocin Intel na zubi na 12 da 13 da 14 suna amfani da LGA1700. Babu dabarar da za ta sa ɗaya ta shiga mazaunin wata, tilasta ta kuwa lanƙwasa ƙananan allurai ne kawai.

Harafin F a ƙarshen sunan furosesar Intel yana nufin ba ta iya fitar da hoto da kanta. Don haka wayar monita a jikin katin hoto ake soke ta, ba a jikin uwar allo ba. Wannan ƙaramin kuskure ya sa mutane da yawa sun zaci sabuwar kwamfutarsu ta lalace.

Ram da ma'ajiya

Ram iri biyu ce a kasuwa yanzu, DDR4 da DDR5, kuma tsagar da ke jikinsu ba wuri ɗaya take ba. AM4 tana karɓar DDR4 kawai, AM5 kuma DDR5 kawai. Allunan LGA1700 sun kasu biyu, wasu na wannan, wasu na wancan, sai an karanta kwali. Gigabait 16 ya wadatar, kuma ya fi kyau a saye shi a sanda biyu masu 8 kowace, domin furosesa ta riƙa ɗiba ta hanya biyu a lokaci guda.

Wajen ajiya kuwa, a zaɓi SSD a maimakon tsohon faifai mai juyawa. Manyan wasanni da dama sun haura gigabait 100 kowanne, saboda haka terabait 1 ya fi kwanciyar hankali.

Akwatin wuta: araha ba ta ado

Akwatin wuta shi ne ke karɓar lantarki daga bango ya rarraba wa sauran kaya, kuma a nan ne sababbin shiga suka fi yin tsimin da ke zama nadama. Idan mara inganci ya ƙone, yana iya tafiya da kati da uwar allo. A nemi na sanannen kamfani mai ɗauke da shaidar 80 Plus, wadda ke nuna cewa aƙalla kashi 80 cikin 100 na wutar da ya ja yana isa ga kaya. Wat 550 zuwa 650 ya isa ga irin haɗin da aka bayyana. RTX 4060 tana cin wat 115, RTX 3060 kuma wat 170, bambancin da mai amfani da inbata ko sola zai ji a jikin batirinsa.

A ƙasar da wuta ke ɗaukewa ba sallama, ta kuma dawo da ƙarfin da ba a zata ba, wajibi ne a saka kuɗin UPS ko sitabilaiza a cikin kasafi tun farko. Wanda ya kashe komai a kan kati ya jona kai tsaye da janareta ya bar dukiyarsa a hannun sa'a.

Gida, iska da ƙura

Gidan kwamfuta dole ya yi daidai da girman uwar allo, ko ATX ko microATX ko Mini-ITX, ya kuma ɗauki tsawon katin hoto. A yankin da zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu, gida mai raga a gaba da fankoki biyu ko uku ya fi mai rufin gilashi da fitilu masu launi amfani. Ƙurar hunturu kuma tana toshe hanyoyin iska, don haka a zaɓi mai matatar da ake cirewa a wanke, a kuma ɗaga kwamfutar daga ƙasa.

Kafin a biya kuɗi

A rubuta cikakken sunan kowane kaya da lambarsa, a shigar da su shafin PCPartPicker, wanda ke nuna inda aka samu saɓani. A tabbatar uwar allon tana da tsarin tsaro na TPM 2.0, domin Windows 11 na buƙatarsa, ga shi Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar kowane kaya, a kuma ji sharaɗin mayarwa daga bakin mai shago.

Idan kuɗi bai kai ba, a rage a wajen ado, a bar ƙarin ram da ma'ajiya sai gaba, tunda ana iya ƙara su a kowane lokaci. Akwatin wuta da kariyar lantarki kuwa, a saye su masu kyau tun ranar farko.