2.3 Matakan Bunƙasar Tunanin Ɗa'a Daga Ƙuruciya Zuwa Girma

Abin da ake nufi da tunanin ɗa'a a nan shi ne dalilan da mutum kan dogara da su wajen yanke hukuncin cewa aiki kaza daidai ne ko kuskure. Masana halayyar ɗan'adam sun nuna cewa ba a haihuwar mutum da wannan tunani a kammale. Yakan bunƙasa ne daki-daki.

Daga cikin waɗanda suka fara nazarin wannan al'amari akwai Jean Piaget, mutumin ƙasar Suwizalan. A aikinsa na 1932 ya ba yara labarai biyu. A na farko, wani yaro ya tura ƙofa bai san akwai tire a bayanta ba, ya fasa kofuna 15. A na biyu, wani ya faki idon mahaifiyarsa ya hau kujera don ɗauko abin zaƙi, ya fasa kofi ɗaya. Ƙananan yara sukan ce na farko ya fi laifi, domin ɓarnarsa ta fi yawa. Waɗanda suka doshi shekara 10 kuwa, niyya suke dubawa.

Lawrence Kohlberg ya faɗaɗa wannan ra'i a kundinsa na digiri na uku a Jami'ar Chikago ta Amurka a 1958. Ya yi hira da yara maza 72 masu shekara 10 da 13 da 16. Ya ba su labarin wani mutum da matarsa ke bakin mutuwa, mai magani ya ninka kuɗin maganin sau 10, ya kuma ƙi sayarwa bashi. Shin ya dace mijin ya sace maganin? Dalilin da yaro ya kawo shi Kohlberg ya riƙa aunawa, ba amsar "i" ko "a'a" ba. Daga nan ya fitar da manyan matakai uku, kowanne da rassa biyu:

(a) Matakin tsoro da kwaɗayi. A nan yaro kan guji laifi don kada a dake shi, ya yi abin kirki don a ba shi lada. Irin wannan yaro ne Bahaushe kan ce bai yi hankali ba tukuna, shi ake tsoratarwa da dodo, a lallashe shi da alewa.

(b) Matakin bin al'ada da doka. Matashi kan damu da yadda iyaye da jama'a za su dube shi, daga baya ya fahimci cewa doka ce ke riƙe da zaman tare. Kunya da ladabi a nan suke da ƙarfi. Yawancin manya ma a wannan mataki suke tsayawa.

(c) Matakin ƙa'idojin adalci. Mutum kan riƙe gaskiya ko da ba mai ganinsa, ya kuma gane cewa ita kanta doka tana iya kauce wa adalci. Kaɗan ne ke kaiwa nan.

Sai dai ra'in bai tsira daga suka ba. Carol Gilligan (1982) ta nuna cewa an gina shi ne a kan amsoshin maza kawai, an kuma rage wa tausayi da kula da dangantaka daraja. Wannan suka na da muhimmanci ga nazarin al'ummar Hausawa. Siffofi 10 na mutumin kirki da Kirk-Greene (1974) ya kawo sun haɗa gaskiya da adalci da amana wuri guda da kunya da karamci da haƙuri. Ke nan Bahaushe bai ɗauki kunya a matsayin matakin da ake wucewa a bari a baya ba.

A taƙaice, tarbiyyar da ta tsaya ga bulala kawai takan daskarar da yaro a mataki na farko, ta yadda da zarar mai bulala ya kau, ɗa'ar ma ta kau. Wajibi ne horo ya zo tare da bayanin dalili, kuma tun da wuri, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.