Zazzaɓin Kaska da Daftarin Gidan Likita a Tounouga

Tun shekarar 2010, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada a ba mai zazzaɓi maganin cizon sauro sai an gwada jininsa, wata mas'ala da ta daɗe a ɓoye ta bayyana a gidajen likita na karkara: ga majinyaci jiki zafi rau, ga gwaji ya ce babu ƙwayar cutar sauro, malamin asibiti kuwa ba shi da wata na'ura da zai tambaya.

Tounouga, da yake tana ƙasar Dandi inda ruwan sama ya fi na galibin Nijar yawa, kuma garkunan Fulani suna ratsa ta tsakanin Benin da Kabi, matattara ce ta kaska, wadda makiyaya suka san sharrinta a jikin shanu ta hanyar kirci, alhali kuwa ba kasafai ake tuhumarta da ciwon ɗan Adam ba. Hujjar cewa kaska tana sa wa mutum ciwo ta zo daga Dielmo ta ƙasar Senegal, inda masana suka bi jinin mutanen ƙauye guda daga 1990 zuwa 2003, suka tarar kimanin mutum 11 cikin 100 ke kamuwa kowace shekara da wani zazzaɓi mai tafiya ya komo, wanda wata kaska ta ramin ɓera ke sawa. Ba lalle irin wannan kaska ce ke bakin kogin Kwara ba, amma dai an ga abin da bincike ke tonowa.

Illar rashin sa zazzaɓin kaska cikin lissafi a fili take. Maganin cizon sauro ba ya taɓa ƙwayoyin cutar da kaska ke yaɗawa, alhali doxycycline, mai araha, yana kashe da yawa daga cikinsu. Mafi muni kuma zazzaɓin Kirimiya da Kwango, shi ma na kaska, wanda ya ɓulla a Nuwakshot a 2003, yakan halaka har 40 cikin 100, ya kuma kama mahauci da mai jinya ta hanyar jini.

Sa'an nan ga iyaka: wanda bai warke a gida ba ya nufi Kamba ko Malanbil, sunansa ya faɗa daftarin wata ƙasa. A ganina, muddin ba a riƙa tambayar majinyaci sana'arsa da cizon kaska ba, a kuma aika jinin wasu zuwa cibiyar binciken lafiya ta CERMES a Yamai, sifirin zazzaɓin kaska da ke cikin rahoton gidan likita shaida ce ta rashin nema kawai.