KiCad a New Bell: Kyauta ce, amma sai da yarana suka yi mata bore

Duk wanda ya taɓa buɗe cikin rediyo ko cajar waya ya san koren farantin nan mai siraran layukan tagulla. Masu gyara a Kano fanel suke ce masa, mu nan Duwala mu ce plak. Zana shi a kwamfuta nake koyarwa a wata makarantar fasaha, kuma wasu daga cikin ɗalibaina 'ya'yan unguwarmu ne ta New Bell.

Kwamfutocinsu duk na gwanjo ne, irin waɗanda kwantena ke saukewa a tashar jiragen ruwa, manhajar zanen da ke ciki kuwa ta sata ce, don kuɗin lasisi ya fi ƙarfin uban da ke sayar da yadi a kasuwa. Bara waccan, saura mako guda jarrabawa, manhajar wani yarona ta ƙi buɗe aikinsa, fitilar caji da ya yi wata biyu yana zanawa saboda ɗauke wutar da ta ishe mu. Yana tsaye a gabana idonsa ya yi ja. Ranar na yanke shawarar mu koma KiCad.

Wani malami ne a Grenoble ta Faransa, Jean-Pierre Charras, ya ƙirƙiro ta a 1992. Kyauta ce, kuma kowa na da damar duba cikinta ya gyara. Daga 2013 cibiyar binciken CERN da ke Janeba ta sa hannu wajen inganta ta. Na ɗauka da na ce "ba a biyan ko sisi" za su yi tsalle. Ina! Makon farko bore suka yi mini.

Kuma ban ga laifinsu ba. A KiCad sai ka fara zana taswirar da'ira, sannan ka bi kowane ɗan ƙarfe ka zaɓa masa sawun ƙafafun da zai zauna a kai. Ga injiniyan da ke odar sabon kaya da lambarsa, wannan ba komai ba ne. Yarana kuwa daga matattun rediyo da telbijin suke ciro kayansu, wani ko lambar ta goge. Sai mu ɗauko rula mu auna tazarar ƙafafu, mu zana sawun da kanmu. Ga kuma maƙwabcinsu mai gyara, wanda suke ɗauka ya fi ni sani (wani lokacin ma gaskiyarsu), bai taɓa jin sunanta ba, balle su tambaye shi in sun maƙale.

Abu biyu suka sauya musu ra'ayi. Manhajar na magana da Faransanci, harshen da suke karatu da shi. Sannan akwai maɓallin da ke nuna farantin a tsaye kamar ka kai hannu ka ɗauka, ana juya shi ta kowane gefe. Ajin ya kaure da ihu ranar da na danna shi. Fitowa ta 6 ta ƙarshen 2021 ta gyara fuskarta sosai. Wadda na fara gwadawa ina ɗalibi a ENSET, wallahi ni ma guduwa na yi.

Inda gizo ke saƙar yanzu shi ne fitar da farantin. Ko Arthur Zang, ɗan ƙasarmu da ya ƙera na'urar auna zuciya ta Cardiopad, a Sin aka haɗa masa kayansa. Mu ma muna iya tura zanen Shenzhen, sai dai kuɗin aikowa da na kwastan kan ninka na farantin. Don haka muke buga zanen a takarda mai sheƙi, mu manna shi a tagulla da dutsen guga, mu tsoma a ruwan sinadari ya cinye sauran.

Da haka yaron nan ya sake fitilarsa cikin kwana biyar. Layi ɗaya ya yanke, ya haɗa shi da dalma. Tana rataye a rumfar mahaifiyarsa, inda take soya ƙosai da asuba.