Kumburin Gindin Kunne: Ba Kullum Ne Hangum Ba

Kowa ya san hangum. Yaro ya kwana da zazzaɓi, gindin kunnensa ya kumbura, bayan kamar mako biyu ya saɓe. Amma akwai wani kumburin da ke fitowa a daidai wannan wuri wanda ba ya saɓewa. Ya fi kama manya. Wani lokaci wannan kumburi ciwon daji ne, wato sankara, a maɓuɓɓugar yawu.

Mece ce maɓuɓɓugar yawu?

Yawun da ke bakin mutum yana da inda yake fitowa. Akwai wasu curin nama da aikinsu ke nan, su riƙa samar da yawu dare da rana. Manyansu guda 6 ne, 3 a dama, 3 a hagu. Mafi girma tana gaban kunne. Ta biyu tana ƙarƙashin muƙamuƙi. Ta uku tana ƙarƙashin harshe. Bayan su akwai ɗaruruwan ƙanana a ganɗa da leɓe da cikin kumatu. A yini ɗaya suna ba da yawu kamar lita 1. Da shi ake jiƙa abinci a haɗiye, kuma yana kare haƙora daga ruɓewa.

Mutum nawa cutar ke kamawa?

Wannan ciwon daji ba shi da yawa. Lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 ya nuna mutum kimanin 55,000 ne suka kamu da shi a duniya baki ɗaya, kimanin 24,000 kuma suka rasu. A Amurka, cikin mutum 100,000, kamar mutum 1 yake kamawa a shekara. Yana kama maza da mata. Ya fi yawa ga waɗanda suka wuce shekara 50, amma ana samun sa ga matasa, har da yara jefi-jefi. Ba a ɗaukar sa wajen cin abinci tare, ko shan ruwa da moɗa ɗaya.

Ba kowane ƙari ne daji ba. Yawancin ƙarin yana fitowa ne a maɓuɓɓugar gaban kunne, kuma cikin 4 da suka fito a nan, kamar 3 ba daji ba ne. A ƙarƙashin muƙamuƙi kuwa kusan rabi daji ne. A ƙarƙashin harshe ƙarin bai cika fitowa ba, amma in ya fito, yawanci daji ne. Ko ƙarin da ba daji ba, akwai irin da ke rikiɗewa ya zama daji in an bar shi shekara da shekaru. Saboda haka likita yakan ba da shawarar a cire shi.

Mutum nawa ke tsira?

Likitoci suna duba yawan waɗanda cutar ba ta kashe ba bayan shekara 5 da gano ta. Ga abin da aka gani a Amurka:

In an gano cutar tun tana wuri ɗaya, fiye da mutum 90 cikin 100 suna tsira.

In ta kai ga kaluluwar wuya ko naman da ke kusa, kamar mutum 2 cikin 3 suna tsira.

In ta yi nisa, ta kai huhu ko ƙashi, waɗanda ke tsira ba su kai rabi ba.

Cuta ɗaya ce, bambancin yana ga lokacin da aka je asibiti. A ƙasar Hausa da yawa ba sa zuwa sai ƙari ya yi girma, ko ya fashe. Dalili kuwa shi ne da farko ba ya ciwo. Magidanci yana noma, yana zuwa kasuwa, yana cin tuwonsa lafiya, sai ya ce ai ba kome. A wannan lokaci ne cutar ke samun wurin zama.

Alamomin da za a lura da su

1. Kumburi a gaban kunne, ko ƙarƙashin muƙamuƙi, ko cikin baki, wanda ya wuce mako 3 bai saɓe ba, ko da ba ya ciwo.
2. Ƙari mai tauri da ke ƙara girma.
3. Karkacewar baki, ko ido ɗaya ya ƙi rufuwa. Jijiyar da ke motsa fuska ta ratsa ta cikin maɓuɓɓugar gaban kunne, daji kuwa yana iya cin ta.
4. Wani sashen fuska ya mutu, ba a jin taɓi.
5. Wahalar buɗe baki ko haɗiyar abinci.

Abin da ya kamata a yi

Kada a kai wa wanzami ya yi tsaga ko sakiya. Kada a ɗora magani mai cin fata. Yin haka yana iya yanke jijiyar fuska, ya jawo miki, ya kuma sa aikin likita ya yi wuya.

A fara zuwa asibiti mafi kusa. In ma'aikacin lafiya ya ga ya dace, zai ba da takarda zuwa babban asibiti. Asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri suna da likitocin kunne da hanci da maƙogwaro. Can za a ɗauki hoton wurin. Za a sa siririyar allura a ɗebo ɗan abin da ke ciki, a duba shi da madubin likita. Da haka ake gane ko daji ne ko ba daji ba.

Babban maganinsa tiyata ce, a cire ƙarin. Wasu kuma akan haɗa musu da gashi da na'ura bayan tiyata. Wanda aka cire wa maɓuɓɓuga ɗaya yawunsa ba ya ƙafewa, domin sauran suna ci gaba da aiki. Bayan an sallami mutum, ya riƙa komawa duk ranar da likita ya sa masa, domin akwai irin dajin da ke dawowa bayan shekaru masu yawa.

Jama'a, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ƙaramin ƙari ya fi sauƙin cirewa, ya kuma fi araha. Duk wanda ya karanta wannan, ya karanta wa 'yan gidansu da maƙwabta. Wanda ya ga irin wannan kumburi a jikin uba, ko uwa, ko matarsa, ya raka su asibiti tun cikin makon nan.