Ƙarfen Sabis da Injin Niƙa

Babu gidan da ba ya kai niƙa. Daga unguwannin Dutsin-Ma har ƙauyukan Kurfi, da hantsi ya yi za ka ga yara da kwanukan dawa da masara sun nufi wurin inji. Kowa na son injin kusa, don kada yarinya ta yi nisa, amma ba wanda yake son a kafa shi a jikin katangarsa. Wanda ya haɗa katanga da shi ne ya san ƙararsa da hayaƙinsa da yadda garu ke tsagewa. Haka lamarin ƙarfen sabis yake, wannan dogon ƙarfe da kamfanonin waya ke kafawa a tsakiyar gidaje.

Mutanen waɗannan garuruwa biyu ba sa bukatar a gaya musu amfanin ƙarfen. A watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, har da Dutsin-Ma da Kurfi. Masu POS suka naɗe laima. Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da na Kwalejin Isa Kaita suka rasa yadda za su ji daga gida, iyaye suka rasa yadda za su turo musu kuɗi. Mai son gaisawa da ɗan'uwa sai ya biya kuɗin mota ya tafi inda akwai sabis. Sai a Disamba aka maido. Wanda ya ga wannan, in ya ce kada a kafa masa ƙarfe a bayan ɗaki, ba ƙin ci gaba yake yi ba, kuma ya cancanci a zauna a saurare shi.

Sai dai kukan iri biyu ne, kuma ana yawan cakuɗa su. Na farko tsoron cuta: ana cewa ƙarfen na fitar da wani abu mai kawo ciwon daji ko rashin haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana tun 2006 cewa babu gamsasshiyar hujjar da ta nuna raunanan siginar da ke fita daga waɗannan ƙarafa na cutar da mutum. Eriyar da ke can sama nesa take harba siginarta, ba ƙasa ba. Wayar da ka manna a kunne ta fi ƙarfen kusa da jikinka, kuma idan ƙarfe ya yi mata nisa ƙara ƙarfinta take yi don ta kamo shi. Na damu da wannan tsoro, domin ya sha janye hankali daga inda ciwon yake. A 2020 jita-jitar cewa 5G ke kawo korona ta sa an ƙona ƙarafa a Ingila, ba wanda ya ƙaru da komai.

Kuka na biyu shi ne na gaskiya, kuma kukan maƙwabcin mai inji ne sak. Wutar lantarki ba ta tsayawa, ƙarfe kuwa ba ya barci, saboda haka janareto ke riƙe da shi dare da rana. Ƙara ba ta yankewa. Hayaƙi na shiga ɗakin da jariri ke kwance. Man gas da baƙin mai na zuba a ƙasa, kuma a unguwar da kowane gida ke da rijiya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da damina, in hadari ya taso da iska, mai gidan da ke gindin ƙarfen kwana yake yana kallon sama.

A nan ne kuma injin niƙa ya fi ƙarfen kirki. Mai inji ɗan unguwa ne. Kun haɗa sahu a masallaci, kun haɗu a wurin suna da jana'iza. In ya matsa maka, ka same shi ka ce, "Malam, a yi haƙuri a riƙa kashewa bayan isha'i, akwai mara lafiya a gida." In ya ƙi, ga mai unguwa, ga dagaci, ga fadar Yandaka a Dutsin-Ma ko ta Maraɗi a Kurfi. Yana jin kunyar idon mutane, kuma wannan kunya ita ce dokar da ta fi aiki a kansa. Ƙarfen sabis fa? Maigadi kawai za ka tarar, shi ma bai taɓa ganin mai abin ba. Yawancin ƙarafan ma ba na kamfanin da sunansa ke kan wayarka ba ne. Kamfanoni irin su IHS ke mallakarsu suna ba da haya, manyan ofisoshinsu kuma suna Legas. Mai filin ya karɓi kuɗin hayarsa, wataƙila ma ya tashi ya koma wata unguwa. Kuɗi ya shiga gida ɗaya, ƙara ta shiga gida goma.

Doka ma ta daɗe tana magana da baki biyu. Ƙa'idar Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta 2009 ta ce a bar tazarar mita 5 tsakanin ƙarfe da gidan mutane, dokar hukumar kare muhalli, NESREA, ta 2011 ta ce mita 10. Hukumomin biyu sun yi ta ja-in-ja a kan wannan, har aka riƙa rufe wasu ƙarafa. Ko mita 10 ɗin, faɗin tsakar gida ne kawai. Ba ya tare ƙara, ba ya tare man da ke bin ƙarƙashin ƙasa.

Ni ban ga dalilin korar ƙarfe daga gari ba; in an kai shi daji sabis ya raunana, ɓarayin batir kuma su samu yadda suke so. Abin da nake so a yi shi ne abin da ake yi da mai inji tun kafin ya zuba harsashi. A tara maƙwabta a gaban mai unguwa kafin mai fili ya sa hannu, ba bayan ƙarfe ya tashi ba. A sa janareto a ɗaki mai rage ƙara, a daɓe ƙarƙashin tankin mai da siminti, a auna nisansa da rijiya mafi kusa. Rana kuwa ba ta yi mana rowa a Katsina ba, kuma tuni wasu ƙarafan suka koma aiki da sola da batir. Sannan a manna allo a ƙofar wurin, da Hausa, ɗauke da sunan kamfanin da lambar wani mutum da zai ɗauka idan an kira, ko da ƙarfe biyun dare ne.