ISKAR KEKE DA FACIN TAYA

Keke dokin talaka ne. Ba ya cin dawa, ba ya neman harawa, abincinsa iska da ɗan mai kurum. Amma sau da yawa akan ga manomi ya ɗauro buhun gyaɗa tun da asuba, kafin ya ci rabin hanya taya ta sace. Ya yi ta turi cikin rana, ya isa ya tarar kasuwa ta watse. In an tambaye shi sai ya ce ƙaya ce. I, wani lokaci ƙaya ce, amma galibi ƙarancin iska ne da gaggawa wajen faci.

A shekara ta 1888 ne wani likitan dabbobi a birnin Belfast, mai suna John Dunlop, ya yi wa keken ɗansa taya mai iska, gama tayoyin dā roba ce zalla, suna jijjiga mahayi. Saboda haka ku sani, iska ce ke ɗauke da ku da kayanku, roba kuwa jakarta ce kawai.

BUGA ISKA

Iska tana sulalewa kaɗan kaɗan ta jikin roba ko da babu huji. Don haka kowane mako a danna taya da babban yatsa. In ta lotsa, a ɗauko famfo. A jikin taya akwai lamba da maƙera suka rubuta, wadda ke nuna iyakar iskar da za ta ɗauka, kada a wuce ta. Ƙafar baya ta fi bukatar iska, domin ita ke ɗauke da yawancin nauyi.

Taya mai laushi in ta daki dutse ko kunya, sai bakin ƙarfe ya matse tib, wato robar ciki, ya yi mata huji biyu kusa da juna, kamar saran maciji. Wanda ya ga irin wannan, kada ya zargi ƙaya. Kuma zafi yana kumbura iska, rana tana tsofar da roba, sai a riƙa jingine keke a inuwa.

YIN FACI

In taya ta sace, a sauka nan take. Hawa a kan tayar da babu iska yana yaga tib, yana lanƙwasa ƙarfe.

Da fari a duba bawul. A ɗiga masa yawu, in ya yi kumfa, nan ne ɓarnar take. A irin bawul mai 'yar roba a ciki, sauya robar nan kaɗai ya isa.

In ba bawul ba ne, a ɓamɓare gefe ɗaya na taya da ƙarfe marar kaifi, kamar ƙotar cokali. Kada a sa wuƙa. A zaro tib, a buga mata iska, a bi da ita cikin kwanon ruwa gaɓa gaɓa. Inda kumfa ya taso a yi shaida, amma a zagaya duka, watakila hujin ya fi ɗaya.

Sa'an nan a shanya wurin ya bushe sarai, a kankare shi da samfefa har ya yi kaushi, faɗinsa ya ɗara na facin. A shafa sholisho shafal-shafal, a dakata kamar minti 5, har ya daina ƙyalli. A nan ne mutane da yawa ke kuskure. Sukan manna faci sholisho yana danye, gobe ya ɗaye, su ce kayan ba su da kyau. Sauri ya haifi nawa. In ya sha iska, a ɗora facin, a danne shi da ƙarfi daga tsakiya zuwa gefe.

Kafin a mayar, a shafa cikin taya da yatsa sannu a hankali, a nemo abin da ya yi ɓarnar. Ƙayar aduwa da tsidau sukan karye su maƙale a ciki, wanda ya bar su zai sake faci kafin ya kai gida. A duba ƙyallen da ya rufe kawunan wayoyi, in ya goce a gyara. A sa wa tib 'yar iska don kada ta naɗe, a fara shigar da bawul, a mai da taya da hannu, a tabbata ba ta cije tib ba, kana a cika iska.

GA DAGATAI DA MASU UNGUWA

Ku hori masu shingen ƙaya su daina zubar da rassa a kan hanya, gama ƙafar yaro da ta jaki da tayar keke duk abin ya shafa. Ɗan aiken da za ku tura wurin Hakimi kuwa, kada ya tashi sai da famfo da faci da sholisho a jakarsa. A kuma ɓoye sholisho daga yara, shaƙarsa tana ɓata hankali.

Wanda ya karanta wannan takarda, ya karanta wa maƙwabcinsa wanda bai iya ba.