Haƙƙi da 'Yanci: Da Wane Harshe Ake Nazarinsu?

A ranar 27 ga Oktoba 1999, zamanin Gwamna Ahmad Sani, aka ƙaddamar da Shari'ar Musulunci a Gusau. Daga nan masana doka suka duƙufa wajen auna hukunce-hukuncen Zamfara da Sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948 kan haƙƙin ɗan Adam, da kuma Yarjejeniyar Afirka ta 1981, wadda Nijeriya ta amince da ita a 1983.

Rudolph Peters na Jami'ar Amsterdam ya wallafa littafi a 2003 kan dokokin laifuffuka na Musulunci a Nijeriya. A 2007 kuma Philip Ostien na Jami'ar Jos ya fito da kundi mai juzu'i 5. Kamfanin Spectrum na Ibadan ne ya buga su duka, da Turanci. Watau ke nan manomin Karakkai ko Tsafe, wanda dokar ta hau kansa, an yi muhawarar ba da harshensa ba.

Fassara kuwa sai an yi hattara, domin Hausa tana da kalmomi biyu a nan. Haƙƙi, daga Larabci, abu ne da ake bin wani, wanda in ya danne shi zai biya ko a lahira. 'Yanci kuwa kishiyar bauta ne. Mai fassara da ya musanya su ya sauya ma'anar doka. Saboda haka wajibi ne lauyoyi da malaman fiƙihu da masana harshe su zauna tare su daidaita waɗannan kalmomi.